Sai Mafici Ya Sauka

Minagi,
Rana ta biyu ga wata na takwas.

Zuwa ga Innata,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata takardar nan za ta same ki lafiya. Yaya gwiwar? Kina shafa man da na aiko, ko kin adana shi yadda kike adana duk abin da aka ba ki har ya lalace? Ki gaishe mini da Gwaggo Tome. Mu nan ƙalau muke, in ban da tarin da ke damun 'yata Sen. Maigidana Matabe yana gaishe ki.

Inna, ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba. An tsare Kanjiro.

Ke kika rubuto mini cewa ruwa ya shigo gonakin Nozoe bayan wata biyu ana fari, har tsofaffi suka fito suna rawa a cikin taɓo. Kika ce addu'arku ce ta karɓu. To ɗanki ne ya yi. Kin san ƙofofin ruwan tafkin fada a hannunsa suke. Sau biyu yana kai kuka cewa shinkafar ƙauyuka huɗu za ta ƙone, ba wanda ya tanka masa. Sai ya tashi da hantsi, shi kaɗai, ya zare katakan ƙofar. Ruwan ya tafi wurinku, tafkin ya koma iya idon sawu, rana kuma ta gama da kifayen Sarki. Jajayen nan masu ɗigon fari, waɗanda kowanne da sunansa, Sarki yake ciyar da su da hannunsa. Akwai ɗaya da aka ce tun kakan Sarki yana yaro take cikin tafkin. Ita ma an tsamo ta ciki a sama.

Shashashan ɗan naki ko gudu bai yi ba. A bakin ƙofar ruwan aka same shi zaune yana cin curin shinkafa. Wai da suka zo ce musu ya yi, "Ku bari in ƙarasa, tun safe ban ci komai ba." Da a gabana ya faɗi haka da na kwaɗa masa ludayi a ka, yadda nake yi masa muna yara.

Yanzu yana gidan dattijo Hayami, mai duba laifuffukan barade, an karɓe takubbansa. Matan unguwa suna cewa kora ce kawai za a yi masa, ko a aske masa kai a tura shi haikali. Na tambayi Matabe, tunda kullum yana fada yana koya wa samari takobi, ai ya ji abin da ake faɗa. Ya dubi kwanonsa ya ce miyar ta yi gishiri. Shekara tara ina zaune da mutumin nan bai taɓa kushe girkina ba. Tun lokacin na san akwai abin da yake ɓoye mini.

Kada ki taso. An hana dangi shigowa gari sai an yanke hukunci, kuma gwiwarki ba za ta hau tudun nan ba. Ki kunna turare a gaban allon tunawa da marigayi Baba ki gaya masa.

Ina gaida ke ƙwarai.
'Yarki,
Ritsu.


Minagi,
Rana ta bakwai ga wata na takwas.

Innata,

Gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da Gwaggo. Tarin Sen ya yi sauƙi. Ki gafarce ni, rubutuna yau ba zai miƙe ba.

An yanke. Kanjiro zai tsaga cikinsa da hannunsa ranar sha huɗu ga wata. Hayami ya ce alfarma ce aka yi mana, tunda ba a miƙa shi ga hauni ba, kuma sunan gidanmu zai tsira. Na sunkuya na yi godiya goshina a ƙasa, don haka aka koya mini.

Da aka tambaye shi wanda yake so ya tsaya masa a baya da takobi, sai ya ce Matabe. Kin san ba a ƙin wannan roƙo. Da na ji, har na ɗan samu numfashi. A zamanin nan wa yake tsaga ciki da gaske? Mutum ya zauna, ya buɗe riga, ya miƙa hannu ga wuƙar da ke kan faranti, na bayansa ya sauke masa takobi a wuya, shi ke nan. Haka aka yi wa mutum uku tun da na zo garin nan, kowa ya sani, mai duba ma kau da kai yake yi. Kuma ba hannun da ya kai na Matabe a ƙasar nan. Na ce aƙalla ɗan Inna ba zai ji komai ba.

Shekaranjiya aka kira Matabe fada. Ya dawo da azahar, ya zauna a bakin baranda bai ko cire takalmi ba. Na kori Sen wurin maƙwabta, na tsare shi, na ce yau ko ya faɗa mini ko in je gidan Hayami in tambaya da bakina. Ya ce an hana shi faɗa. Na ce to ya hana ni fita mu gani. Sannan ya faɗa.

Sarki ya ce wannan karon ba ya son wasa. Dole Kanjiro ya soka wuƙar, ya ja ta daga hagu zuwa dama har ƙarshe. Hayami zai zauna a gaba da mafici a ɗage, kuma takobi ba zai sauka ba sai maficin ya sauka. In Matabe ya riga maficin, ya saɓa wa Sarki a gaban shaidu, to shi ma za a shimfiɗa masa tabarmar tsaga ciki kafin kwana uku. Kuma an hana a gaya wa Kanjiro.

Inna, Kanjiro fa. Yaron da ƙugiyar kifi ta shiga babban yatsansa ya sume a bakin rafi, sai da na goyo shi har gida kina bin mu kina zagi. Wanda in ana gyaran kaza sai ya tuna yana da saƙo a bayan gida. Shekararsa ashirin da shida amma har yanzu haka yake. Ni na sani, ke kin sani, Matabe ma ya sani.

Na ce wa Matabe, "To ka ce ba ka da lafiya! Ka karya hannunka, in ba za ka iya ba ni in karya maka." Ya ce in ya janye, ɗan ƙanen Hayami za a sa, yaron da ko damin ciyawa ba ya yankewa da sara ɗaya. Wanda ya tsaya wa a bara sai da ya sara sau uku. 

Na gaya miki abin da bai kamata ya fita daga gidan nan ba. Ki ƙona takardar nan da zarar kin karanta, kada ki adana ta, na san halinki. Tsoro nake ji, Inna. Ko sallama aka yi a ƙofa sai gabana ya faɗi.

Ki huta lafiya.
'Yarki,
Ritsu.


Minagi,
Rana ta sha biyu ga wata na takwas.

Inna,

Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarki. Gwaggo ta ce kwana uku ba ki sa komai a bakinki ba. Don girman Baba ki sha ko da ruwan shinkafa ne.

Takardarki ta iso. Na karanta ta a tsaye a bayan kicin, sau biyu, sannan na jefa ta a murhu. Kin ce in kama ƙafar Matabe in roƙe shi ya yi sauri. Kin ce wataƙila Sarki zai huce, wataƙila barazana ce kawai, wa zai kashe gwanin takobinsa a kan ƙiftawar ido. Kin ce nono ɗaya muka sha. Duk na ji. Amma mutumin da ya yanke wa bawansa wannan hukunci a kan kifi, shi kike so in jingina ran mijina da hucewarsa?

Jiya aka bar ni na kai wa Kanjiro fararen kayan da na ɗinka masa. Ɗakin da aka sa shi ƙarami ne, da mai gadi a bakin ƙofa yana jin komai. Ya rame, amma bakin nan yana nan. Ya ɗaga rigar ya ce, "Yaya, hannun dama ya fi na hagu tsawo. Har a wannan ma sai kin yi mini mugunta?" Na ce ya yi shiru, wanda ba ya iya ɗaura ɗamararsa daidai ba shi da bakin kushe ɗinkin wani. Ya yi dariya. Ya tambayi shinkafar Nozoe, na ce kin ce ta fara fidda kai. Ya yi ta murmushi shi kaɗai.

Can sai ya matso ya rage murya. Ya ce, "Kada ki gaya wa Inna, amma tsoro kamar zai kashe ni kafin ranar. Abu ɗaya ke riƙe ni. Ina miƙa hannu, Yaya Matabe ya gama. Na yi ta gwadawa da tsinken cin abinci. Kin ga, haka kawai, ko taɓa wuƙar ba sai na yi ba." Ya nuna mini, Inna. Ya miƙa hannun a hankali, ya ɗan sunkuyar da kai, ya ɗago yana jiran in yabe shi.

Na ce ya yi kyau. Mai gadi yana tsaye, kuma ko da ba ya nan ban san ko zan iya faɗa ba. Na gyara masa wuyan rigar na fito. A hanya na tsuguna a jikin katangar wani gida har wata mai sayar da ganye ta tambaye ni ko ciki gare ni.

Da na dawo na tarar da Matabe a tsakar gida yana saran damin ciyawa. Duk tsakar gidan ta cika da guntaye. Na gaya masa abin da kika rubuto, da abin da Kanjiro ya ce. Ya goge takobin. Sannan ya ce, "Na rantse wa Sarki da wuyana. Kanjiro kuma ya ɗora nasa wuyan a hannuna. Na auna har kaina ya ɗaure, ban ga wanda ya rinjaya ba. Ƙaninki ne, ni kuma mijinki ne. Abin da kika ce shi zan yi, ba kuma zan taɓa tuna miki ba."

Na zage shi, Inna. Abin da ban taɓa yi ba. Na ce shi matsoraci ne, ya ɗauki kayan da ya fi ƙarfinsa ya ɗora wa mace. Na ce ina amfanin takubba biyu a ƙugu in sai an tambayi mai dafa shinkafa. Bai musa ba. Ya ce haka ne, ya ci gaba da tattara ciyawa.

Saura kwana biyu. In na dubi Sen tana wasa da igiyar takalmin ubanta sai in ce na san amsa. In na tuna hannun nan yana miƙewa sai amsar ta gudu.  Ki yi mana addu'a mu duka ukun.

Taki har kullum,
Ritsu.


Minagi,
Rana ta sha biyar ga wata na takwas.

Innata,

Ina gaishe ki, ina yi miki gaisuwar rashin da muka yi tare. Ki riƙe Gwaggo kusa da ke.

An gama jiya da hantsi a lambun gidan Hayami. Ya sa fararen kayansa, ya sha giyar ban kwana kurɓi huɗu, ya rubuta baitin waƙarsa ta ƙarshe hannunsa bai yi rawa ba. Bai wahala ba. Matabe ya yi abin da kika roƙa, cikin ƙiftawar ido, kuma ya yi shi da gwanintar da Hayami bai iya cewa an riga maficinsa ba. Ba abin da zai sami Matabe. Shaidu sun ce ɗanki ya mutu mutuwar barde.

An binne shi a haikalin da ke bayan kasuwar itace, kusa da bishiyar da ke bakin rijiya. Ga gashinsa na naɗe a takarda, ki ajiye kusa da allon Baba.

Ba zan iya tsawaitawa ba yau. Ki ci abinci.

'Yarki,
Ritsu.


Minagi,
Rana ta ashirin ga wata na goma.

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa, ina fata sanyin da ya fara shigowa bai tayar miki da gwiwa ba. Na gode da safar da kika saƙa wa Sen, ta yi mata daidai. Ina gaida Gwaggo.

Buhun sabuwar shinkafa ya iso, da takardar da kika rubuta wa Matabe. Wannan ce ta huɗu. Kowacce kina kiransa ɗanki, kina cewa kullum kina sa sunansa a addu'a don ya sayar da ransa ya sauƙaƙa wa ɗanki. Yakan karanta, ya ɗaga takardar zuwa goshinsa, ya ninke. Jiya na dafa shinkafar, tunda ba a mayar da kyautar suruka. Ya cinye kwanonsa tas, ya yi godiya yana fuskantar wajen Nozoe, sannan ya zagaya bayan gida. Ina jin amansa daga kicin. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Inna, ƙarya na rubuto miki.

Da safiyar ranar, ni na ɗaure masa hannayen riga da igiya, yadda ake yi don kada su tare shi. Yana tsaye ya ba ni baya. Bai tambaye ni ba. Na ƙulla igiyar, na ja ta, na ce masa, "Ka jira mafici." Ya ce, "To." Ya fita.

Ban tambaye shi yadda aka yi ba, shi ma bai faɗa ba, har kwana arba'in da tara na makoki suka cika muka je kabarin. A hanyar dawowa na ce sai ya gaya mini, duka, kada ya rage komai. Muna tafe a gefen rafi ya faɗa, idonsa a kan hanya.

Kanjiro ya zauna, ya tusa hannayen rigarsa ƙarƙashin gwiwa don ya faɗi ta gaba. Ya miƙa hannu ga farantin, ya sunkuyar da kai yadda ya nuna mini. Ya jira. Ba abin da ya sauka. Ya ɗago ya ga Hayami da mafici a sama, sai ya waiwayo ya dubi Matabe. Ba a waiwaye a wurin nan, kin sani. Ya ce, "Yaya Matabe?" Matabe bai motsa ba.

Matabe ya ce a nan ya ga Kanjiro ya gane. Fuskarsa ta koma kamar takarda, ya zaci suma zai yi. Bai suma ba. Ya ɗauki wuƙar da hannu biyu ya soka. Ya ja ta kaɗan, ta tsaya. Ya sake waiwayowa ya ce, "Yanzu?" Maficin yana sama. Ya sake ja. Sau uku yana tambaya, Inna. A na ukun muryar ba ta fita sosai, kuma ba Matabe ya kira ba, ke ya kira. Matabe ya ƙirga numfashin kansa talatin da ɗaya daga shigar wuƙar zuwa saukar maficin. Ya ce a kowane ɗaya hannunsa yana so ya tafi, yana riƙe shi da maganata.

Saran ɗaya ne, wannan gaskiya ne. Da baitin, da giyar, da yabon shaidu, duk gaskiya ne. Har Sarki ya aiko wa Matabe da riga. Tana cikin akwati ba a warware ta ba.

Matabe ya cika alkawari, bai taɓa tuna mini ba. Yana ci, yana zuwa fada, yana ɗaukar Sen a wuya. Sai dai tun ranar bai sake bari na tsaya a bayansa na ɗaure masa komai ba, shi yake fama da igiyarsa da haƙori. In na shigo ɗaki yakan gaishe ni da ladabi kamar baƙuwa. Yana raye, abin da na zaɓa ke nan, kuma na samu.

Don haka ki daina yi masa godiya, tana kashe shi. Kada kuma ki tsine masa. Takobin a hannunsa yake, amma da na ce ya yi sauri da ya yi, da yanzu kaburbura biyu muke ziyarta. Ni na ga hannun Kanjiro yana gwaji da tsinke na ce ya yi kyau. Ni na karanta roƙonki na sa shi a wuta. Ni na ce a jira.

Na so in rubuta miki cewa na yi nadama, don na san shi kaɗai zai sa ki iya duban fuskata. Na ɗora alƙalami sau uku na kasa. Kullum ina jin "Yanzu?" ɗin nan, a bakin rijiya, a kasuwa, a tsakiyar maganar mutane. Amma abin da ya fi ba ni tsoro, Inna, da za a dawo da safiyar nan a sake miƙo mini igiyar, abin da na faɗa shi zan sake faɗa.

In za ki amsa, ni za ki amsa wa. In kuma mai kawo saƙon Nozoe ya wuce ƙofarmu bai tsaya ba, zan gane.

Ina gaida ke, ki kula da gwiwarki.
Wadda kika haifa kafin shi,
Ritsu.